'Yar Kyanwar Sito

Tun yana yaro Auta ba ya iya cin abinci a ɗakin da kyanwa take. Ba tsoro ba ne, ƙyama ce tsagwaronta. Abin da yake tayar masa da zuciya shi ne yadda za ta zauna a gaban mutane ta ɗaga ƙafa ta lashe bayanta, ta gama ta zo tana goga fuska a ƙafar mutum kamar ta yi abin kirki. Sana'arsa ma ta ƙara masa abin. Wanki da guga yake yi a wani ɗan shago a bakin titi, kuma mutumin da yake tsince gashi ɗaya bayan ɗaya daga farar riga kafin ya ɗora mata dutsen guga ba zai yi shiri da dabbar da take zubar da gashi duk inda ta bi ba.

To shi ne mahaifiyarsa ta kira a waya da hantsi, ta ce ya bar abin da yake yi ya zo.

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare shi, warin madarar da ta kwana haɗe da wani abu da ya fi shi muni. Inna tana zaune a gefen gado, ta zuba tagumi, a gabanta akwai kwalin sabulu. Kusa da kwalin an ajiye murfin gwangwani da madarar gari da aka dama, ta bushe ta yi ɓawo, da gutsuren kifi ƙudaje sun yi masa rumfa.

"Zo ka duba mini 'yar nan," in ji Inna. "Kwana uku ba ta bar ni na runtsa ba. Yau kuma ta rage kukan, shi ya fi damuna."

Auta ya leƙa daga nesa. Wata 'yar kyanwa ce fara mai ɗigon baƙi a ka, ba ta fi tafin hannunsa ba. Cikinta ya kumbura, sauran jikin kuwa ƙashi ne da fata. Zawo ya manne mata gashin baya har wutsiya. Ta buɗe baki kamar za ta yi kuka, sautin bai fito ba.

"Inna, wa ya kawo miki wannan ƙazantar?"

"Yayanka. Saboda ɓerayen da suka hana ni sakat."

"Wannan ce za ta kama ɓera? Ai ɓeran ɗakin nan in ya gan ta goya ta zai yi."

"Ka daina shegantaka. Ya ce ta yi wata biyu, ta isa cin komai. Ni kuwa ba abin da ban ba ta ba, ta ƙi. Sai na dangwala mata madara da cokali, tana sha tana zawo."

"To shi ya zo ya ɗauki kayarsa mana."

"Yana sito, ba ya fita sai yamma. Kai ne mai shagon kanka. Ka kai ta wajen likitan dabbobi." Ta ɗago ta dube shi. "Auta, in ta mutu a ɗakin nan da yunwa, ni za a tambaya. Na tsufa, ba na son ƙarin kaya."

Da ta faɗi haka ya san magana ta ƙare. Ya zura hannu a leda, ya rufe kwalin, ya ɗauke shi yana miƙar da hannu nesa da rigarsa.

Asibitin ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon abincin kaji. Akwai tebur na ƙarfe, da sikeli, da firji ƙarami, ga warin kare da maganin goge ƙasa. Likitar mace ce mai jiki, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Ta sa hannu tsirara cikin kwalin ta ɗauko 'yar kyanwar, zawon da komai, ta juya ta a tafinta. Auta ya kau da kai.

"Taka ce, Malam?"

"Allah ya kiyaye. Ta mahaifiyata ce."

"Watanta nawa?"

"Biyu."

"In ji wa?"

"Yayana."

"Shi ma 'ya'yansa haka yake lissafa musu shekaru, da ka?" Ta jawo fitila kusa. "Matso. Ba ta cizo, ba ta da abin cizon ma. Matso na ce, kai za ka yi jinyar."

Ya matso taku ɗaya, yana numfashi ta baki.

"Dubi idonta. Ka ga shuɗi ne, kamar da hazo a ciki? Dukkansu da irin wannan idon suke farawa, sai sun kusa wata biyu yake juyewa ya koma launinsa na gaskiya. Dubi kunnuwan, yanzu suke miƙewa, ba su gama tsayawa ba." Ta ɗaga leɓen da ɗan yatsa. "Ga haƙoran gaba nan, kamar ƙwayar shinkafa, sun fara fitowa. Fiƙa kuwa yanzu suke huda dasashi, na baya babu ko ɗaya. Da me za ta tauna kifin?" Ta ajiye ta a tebur. 'Yar kyanwar ta yi taku biyu tana tangaɗi, ƙafafun baya suka zame, ta kife. Likita ta ɗora ta a sikeli, ta girgiza kai. "Mako uku. In na yi mata alheri, uku da 'yan kwanaki. Kuma nauyinta bai kai na mako ukun ba."

"To a yi mata allura kawai, Likita, in mayar da ita."

"Wace allura? Rigakafi sai ta kai mako shida zuwa takwas, kuma sai tana da lafiya. Kai kana maganar allura, ni ina maganar ta kai jibi."

Ta buɗa gashin wuyan da yatsu biyu. Auta ya ga wasu baƙaƙen abubuwa suna gudu cikin farin gashin, da yawa, suna nutsewa suna ɓullowa. Nan take ya ji ƙaiƙayi a wuyansa da hammatarsa.

"Ƙuma," in ji Likita. "Sun sha jininta, shi ya sa dasashin ya yi fari. Kada wani ya ce maka ka barbaɗa mata hodar ƙwari ko ka fesa mata magani, kashe ta za ka yi. Mataji mai ƙananan haƙora da ruwan ɗumi, ka tsince su da hannu, ka tsane ta sosai. Sanyi yana kashe su da sauri fiye da yunwa. Ka zuba ruwan ɗumi a kwalba, ka naɗe da tsumma, ka sa mata a kwali. Madarar da mutane suke sha kuma a daina, ita ta kawo zawon. Akwai tasu ta musamman, shagon gaba suna da ita. Da sirinji za ka ba ta, tana kife a kan cikinta, ba a rigingine kamar jariri ba, in ba haka ba ta shaƙe. Duk bayan awa huɗu."

"Har da dare?"

"Cikinta ya san dare ne?"

Ta ɗiga mata maganin tsutsa a baki, ta ce a dawo da ita bayan mako biyu a maimaita. Sannan ta tsoma auduga a ruwan ɗumi, ta juya 'yar kyanwar, ta shiga shafa mata ƙasan wutsiya a hankali. Ba a jima ba fitsari ya fara ɗiga, rawaya mai duhu, sai wani abu mai kauri ya biyo baya, warinsa ya cika ɗakin. Auta ya toshe hanci da gwiwar hannu.

"Wannan kuma na mene ne?"

"A wannan shekarun ba sa iya fitsari ko kashi da kansu. Uwar ce take lasar wurin har ya fito. In babu uwa, kai ne uwar. Duk bayan cin abinci."

"Lasa?"

"Kai an yi maka sauƙi, auduga aka ce." Ta yi dariya, sannan ta daina. "Malam, gaskiya zan faɗa maka. Duk abin da na lissafa ɗin nan kwaikwayo ne. Maganinta na gaske nonon uwarta. In uwar tana raye, kuma nonon bai kafe ba, a mayar da ita ta ƙara wata guda. In ba hali, to ga sirinji. Wasu suna rayuwa a hannu, wasu ba sa yi."

A kan hanya Auta ya yi ta juya maganar. Bai yi wa kansa ƙarya ba: ba tausayi ne ya sa ya nufi sito ba. So yake ya rabu da audugar nan. Amma ya ga ba laifi, tunda abin da ya fi masa sauƙi shi ne kuma ya fi wa dabbar alheri, kuma ba kullum ake samun haka ba.

Siton shinkafa ne, dogo, buhuna jere a kan katako har kusa da rufi. Yaya shi ne mai kula da shi, makullai a ƙugu. 'Yan dako suna hutawa a inuwar wata babbar mota, suna ganin Auta da kwali suka fara.

"A'a, Mai Guga! Yau kuma kayan wanki a kwali?"

Ɗaya ya leƙa ya kwashe da dariya. "Jama'a, Mai Guga ya haihu! Barka, barka. Ina mai jegon?"

Yaya ya fito yana share gumi. "Kai kuma lafiya? Me ya sami kyanwar Inna?"

"Mako uku gare ta, Yaya. Likita ta duba haƙoranta. Ko fitsari ba ta iya yi da kanta."

"Likita!" Yaya ya taɓe baki. "Idonta a buɗe yake ko a rufe?"

"A buɗe."

"To. Mu nan ba ma taɓa su sai ido ya buɗe. Haka muka tarar ana yi. Mutum ya ɗauki makauniyar dabba ya raba ta da uwarta, ai zalunci ne. Amma da ido ya buɗe, ta ga duniya, sai ta nemi na kanta."

Ya faɗi haka ne da fuskar mutumin da yake ba da labarin wani alheri da ya yi. Auta ya dube shi.

"Me ya sa ake raba su tun farko?"

"Kai ba ka san aikin sito ba. Kyanwa in tana shayarwa kwanciya take yi, ta bar aiki. Ɓeraye su yi ta biki a kan buhuna. Manaja ya zo ya ga shinkafa a ƙasa, wa zai kama? Ni. Da an kwashe 'ya'yan, kwana kaɗan ta manta, ta koma farauta."

"Su nawa ta haifa?"

"Huɗu."

"Ina ukun?"

"Bayan katanga, wajen bola. Akwai abinci a wurin, masu sayar da abinci duk can suke zubar da saura. Har kwali na sa musu saboda rana."

Auta ya ajiye nasa kwalin a kan buhu, ya zaga bayan katangar. Bolar tana tururi a rana. Ya ga kwalin a jikin bango, an jingina masa dutse don kada iska ta ɗauke shi. Wanda ya ajiye shi ya kula sosai. Auta bai kai ga taɓawa ba. Ƙudaje manya masu sheƙi suna shiga suna fita ta bakin, layin tururuwa ya hau ta gefe ɗaya ya sauko ta ɗayan. Iska ta juyo da warin. Ya dafa bango ya yi amai har sai da idonsa ya kawo ruwa.

Da ya dawo ya ce, "Suna nan inda ka ajiye su. Ko fita daga kwalin ba su iya yi ba."

Yaya ya sosa ƙeya. "Kwanansu ne ya ƙare."

"Kwanansu."

"To me kake so in ce? Na bara ma haka muka yi."

"Ka koma ka duba na baran?"

Yaya ya shiga wasa da makullan ƙugunsa. Wani daga cikin 'yan dakon ya ce, "Mai Guga, kai da ko inuwar kyanwa ba ka so?" Ba wanda ya yi dariya sosai.

Abin da ya fi tsaya wa Auta a rai shi ne, da mugunta ce da ya san inda zai ajiye ta. Yayansa ba mugu ba ne. Shi ne mai kai wa Inna cefane, shi ya koya masa hawan keke. Mutanen nan sun kafa wa kansu ƙa'ida don kada su yi zalunci, suna bin ta shekara da shekaru, suna kwana da zuciya fara, kuma ba wanda ya taɓa zagawa bayan katanga.

Ana cikin haka 'yar kyanwar ta yi wani ɗan kuka siriri a cikin kwali. Daga can saman buhuna aka amsa.

Uwar ta sauko da gudu, fara ce ita ma, ramammiya, nonuwanta sun kumbura sun yi ja suna reto. Ba ta kula kowa ba. Ta faɗa cikin kwalin, ta shinshina 'yar tun daga kai har wutsiya, ta ja baya saboda warin magani, ta sake matsowa. Sai ta fara lasa. Ta lashe fuskar, ta lashe cikin, ta juya ta da hanci ta lashe busasshen zawon nan tas. Wannan karon Auta bai kau da kai ba. Uwar ta kwanta a gefe. 'Yar ta yi ta laluben ciki da baki har ta samu, ta kama, 'yan kunnuwanta suka fara motsi tare da kowane zuƙo, ƙafafun gaba suna matsa nonon.

"Shi ke nan," in ji Auta. "A bar ta wata guda. Likita ta ce wata guda kawai."

"Ba zai yiwu ba."

"Yaya."

"Gobe Manaja zai zo. In ya gan ta, ba zai tambaye ni ba, cewa zai yi a kai ta bola, kuma a gabansa za a kai."

"To ba ni uwar. In kai su ɗakin Inna su biyu, in dawo maka da ita."

"Wata guda sito ba kyanwa? Ka san abin da ɓera yake yi wa buhu a dare ɗaya? Auta, 'ya'yana huɗu. In aka kore ni, kai za ka ciyar da su da guga?"

"To in riƙa kawo ta kullum da rana ta sha."

"Yau uwar ta yi mamaki ne shi ya sa ta kwanta a nan. Gobe kana ajiyewa za ta ɗauke ta a baki ta haye can." Ya nuna saman buhuna, wajen rufi. "Ta cusa ta a tsakanin buhu inda hannu ba ya kaiwa. Ranar lodi a jawo buhu ɗaya, goma su zame. Na sha share irin wannan da tsintsiya."

Auta ya nemi ƙarya a maganar, bai samu ba. Ya so ƙwarai a ce akwai. Ya tsuguna a gaban kwalin, ya daɗe yana kallo. In ya tafi ya bar ta, za ta kwana a ƙoshe a jikin uwarta, gobe ta koma bayan katanga. In ya ɗauke ta, sai sirinji da auduga da hannun mutumin da yake ƙyamarta, kuma Likita ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ita uwar kuwa ba ta da hanyar sanin bambanci tsakanin hannunsa da na yayansa.

"Bari ta ƙoshi tukuna," ya ce.

Suka jira. 'Yan dako suka tashi suka koma lodi. Cikin 'yar ya cika, zuƙon ya ragu, amma ba ta saki ba, barci ya ɗauke ta da nonon a baki. Uwar ta lumshe ido, wani ɗan gurnani yana fita daga maƙogwaronta.

Auta ya miƙa hannu ya kama 'yar ta tsakiya, ya ja a hankali. Nonon ya miƙe ya biyo bakin. Uwar ta buɗe ido ta yi huci, ta ɗora ƙafa a kan 'yarta.

"Ba haka ake yi ba," in ji Yaya. Ya tsuguna kusa da shi, muryarsa ta yi laushi kamar ranar da yake koya masa keke. "In ka ja a hankali zafi take ji, za ta yakushe ka. Sa ɗan yatsa a gefen bakin 'yar, za ta saki. Tana saki ka kama fatar wuya ka ɗaga lokaci guda. Ni zan riƙe uwar. Kada ka kalle ta."

Auta ya yi yadda aka ce. Bakin yana da ɗumi da santsi, ya ji 'yan haƙoran nan a kan yatsansa. Ta saki. Ya ɗaga. Abin ya zo da sauƙi ƙwarai, har ya ji haushin sauƙin.

"Ka gani?" in ji Yaya. "Hannunka ma ya fi nawa."

Auta ya miƙe. Kwalin yana ƙarƙashin uwar, don haka ya zura 'yar a aljihun gaban rigarsa, ya dafe da tafi, ya nufi ƙofa. Yaya ya riƙe uwar har ya yi nisa, sannan ya sake ta. Ta biyo shi tana kuka, wani kuka mai kauri da bai taɓa jin kyanwa ta yi ba, tana shiga tsakanin ƙafafunsa, tana ɗaga kai wajen aljihun. A bakin babbar ƙofa wani ɗan dako ya tare ta da ƙafa ya tura ta ciki, ya ja ƙyauren.

Auta ya tsallaka titi. Ta cikin ƙyauren ƙarfen yana jin ta har ya kai kwana. A aljihunsa 'yar ta motsa, ta gyara kwanciya, cikinta a cike. Yana da awa huɗu kafin ta nemi wani abincin. Ya tsaya a bakin hanya ya tofar da yawu, ya goge baki, ya juya ya nufi shagon da ake sayar da madarar.